Ƙahon Sa da Rijiyar Nomau

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga bakina, ni Bawa na Gangara, ta hannun maƙwabcinmu Malam Habu, zuwa ga Baban Rabi a gidan gwaggonsa a Cadawa.

Ina gaishe ka, ina gaida uwar Rabi, ina gaida Rabi da ƙanenta na goye. Allah ya sa kun isa lafiya, Allah ya sa jakin nan bai ba ku kunya a hanya ba. Allah ya tsare ku a kamiyon da za ku hau ranar kasuwa, ya sauke ku ƙasar Gidan Rumji ba wanda ya yi ko tuntuɓe. Ka gaida gwaggonka, ka ce mata na san rumbunta kamar namu yake, inuwar da ta ba ku ma mun gode.

Za ka yi mamakin takarda daga wurina. Kai ne ɗan fari a gidan nan, ban saba sakin baki a gabanka ba, sunanka ma ban taɓa kama shi ba. Ran da kuka ɗaura kaya na tsaya bakin rumbu na ce Allah kiyaye, na juya. To maganar tana nan cike da cikina. Uwarka ta gaji da ganina ina zagaye gida, ta ce, "In magana ce ke cinka, je a rubuta maka, ka daina tattake mini anzar da na shanya." Shi ne na zo na zauna wa Malam Habu a zaure. Shi ya yi karatun manya, ni ban san baƙi ko ɗaya ba, amma abin da idona ya gani ba ya fita daga kaina.

Malam ya ɗauka zancen salla da riƙon zumunci zan yi. Da na ce masa zancen dara ne sai ya ajiye alƙalami. "Baba Bawa, mutane na jiƙa 'ya'yan anza na daji suna ci don yunwa, kai wasa za ka aika wa ɗanka?" Na ce rubuta kawai. Salla ya san ta tun yana yaro. Abin da bai sani ba shi ne Nomau, kuma wurin Nomau za shi.

Na gaya maka sunansa da sunan ƙauyensu ran da muka yanke shawarar tafiyar, amma ban gaya maka halinsa ba. Nomau Bagobiri ne, dogo, mai zane har kunne. Fadamar da ke bakin gulbi gaba da Tibiri gadonsa ce. Ko a shekara irin wannan, da sama ta hana, ruwa na kusa a can. Yana da rijiya guda wadda ban taɓa jin ta ƙafe ba. In rani ya yi yakan yanka wa baƙi fili su yi garka, albasa da kabewa da dankali. Sai dai fili da fili ba ɗaya ba ne. Akwai na bakin rijiya, inda za ka ja guga ka zuba, ruwa ya bi kwari da kansa. Akwai na can ƙarshe wajen ƙaya, inda sai ka ɗauko ruwan a kafaɗa. Na bakin rijiya yana ciyar da gida. Na ƙarshe baki ɗaya yake riƙewa, shi ma da ƙyar. Kai kuwa baki huɗu ka tafi da su, ga irin geron da uwarka ta ɗinke muku a cikin matashin kai, wanda in garka ba ta yi ba sai kun farke shi kun ci. Kuma bana mutane sun yi yawa a hanya, filin ba zai kai kowa ba.

Nomau ba ya tambayar baƙo ɗan wane ne. Ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidansa yake share rairayi da tafin hannu, ya danna gidaje talatin da ɗan yatsa, ya ce zauna. Daga yadda ka zuba 'ya'yanka yake yanka maka fili. Na san wannan don na zauna gabansa a fari na farko, lokacin kana lakol, makarantar boko, a Gazawa, na bar ku da uwarka na tafi cin rani. Filin ƙaya ya ba ni. Tabon sandar ɗaukar ruwa na nan a kafaɗata, ka sha ganinsa ba ka tambaya ba.

Kuskurena na farko tun kafin in taɓa rairayi na yi shi. Na iso da hantsi, ƙura har gira, cikina babu komai sai ruwan hanya. Na tarar ana wasa. Maimakon in gaisa in nemi inuwa, sai na tsaya kan mutane ina cewa wancan ɗan ba nan ya kamata ya zauna ba. Ka san daga Gangara har Gazawa ba mai zama gabana a lokacin. Nomau ya ɗaga kai ya dube ni. "Wanga baƙo da zahi shi ke. Daga ina?" Na ce daga gabas. Ya ce, "To ɗan gabas, zamna mu gani." Na zauna da yunwata da gajiyar hanya. Saboda haka in ka isa, ka gaisa, ka sauke iyali, ka ci abin da aka ba ka, ka huta. In ya kira ka ranar, ka ce gajiya ba ta sake ka ba. Ba zai ji haushi ba. Ka tsaya bayan masu wasa ka yi kallo, bakinka a rufe. Wannan kam ka iya, don haka ka koyi darar ma, a tsaye bayana, kana yi kamar jaki kake nema.

Yanzu ga zubin kansa. Ka san shi, Ƙahon Sa, wanda na yi suna da shi, amma bari in shimfiɗa shi yadda Malam zai rubuta, don ka ga inda yake da ƙarfi da inda yake yoyo.

Gida talatin ne, ɗa goma sha biyu gare ka, goma sha biyu gare shi. In an gama zubi gida shida ne kawai ke zama fanko. A lokacin zubi ba a jera uku, sai an fara turi. Ni nakan sa biyu a kwance a layin tsakiya, in sa wasu biyu a tsaye daga sama, duka suna duban gida guda. Su ne ƙahoni, gidan da suke duba shi ne goshi. Sai in ajiye ɗa na biyar kusa da goshin yana jira. Da an fara turi in tura shi ciki, layi biyu su tashi lokaci ɗaya. Wallahi abin da kyau. Na ga manyan mutane sun cire hula sun sosa kai. In abokin wasa ya tsorata ya toshe goshin da wuri, ba komai, 'ya'ya na nan a hannuna, sai in koma gindin ƙaho in yi gini a can, shi yana ta bina yana toshewa, bai gina nasa ba. Wanda ke toshe-toshe har zubi ya ƙare, gidansa babu ko ginshiƙi. Da wannan na ci Gangara, da shi na ci mahautan Agye ranar kasuwarsu har suka hana ni tsire.

Nomau bai toshe goshi ba. Ya bar mini shi a buɗe. Na ce a raina, Bagobirin nan makaho ne. Na ƙara ɗa kusa da goshi, na ƙara wani, don ko ta ina in sami mai shiga. Shi kuwa yana can yana sa nasa ɗaya a gindin wannan ƙaho, ɗaya a gindin wancan, ɗaya a bayan mai jirana, kamar mai kafa shinge. Yana yi yana tambayata yadda ake dafa tafasa a gabas. Ni na fara zubi, don baƙo yake ba farawa. Ka lura da wannan da kyau: wanda ya fara zubi shi ke fara turi, amma ɗan ƙarshe na hannun ɗayan ne. Da na ajiye na goma sha biyu na gyara zama. Nomau ya juya ɗansa na ƙarshe a yatsu, ya ce, "Af, na mance da wanga gida," ya jefa shi a goshi.

Na duba. Duk 'ya'yana sun cunkushe a tsakiya kamar tumaki a bakin rijiya. Gidajen banza sun koma can gefensa. Turi nawa ne, dole in motsa, kuma ɗa guda ne kawai ke da wurin motsi, shi ne wanda ke tsare masa layi. Na ɗaga shi da hannuna na buɗe masa ƙofa. Abin da ya biyo baya ba sai Malam ya ɓata tawada ba.

Ga abin da za ka riƙe. In ana zubi, kada ka riƙa duban 'ya'ya, gidajen banza za ka duba. Ka tambayi kanka, in an gama, shidan nan a ina za su kwana, kusa da nawa ko kusa da nasa? Kuma duk barazana biyu da ke duban gida ɗaya, barazana ɗaya ce. Ɗa guda ke kashe ta.

Da aka tashi Nomau ya kira ni gefe. Bai yi mini dariya ba, wannan na shaide shi. Ya ce, "Ɗan gabas, hannunka na da kyau. Amma duk abin da ka mallaka wuri guda kaka zuba shi. In na aje ka bakin rijiya, kahin hantsi ka kwashe ta, maƙwabta su tarad da laka. Tahi can ƙarshe, nisa shi koya maka auna ruwa." A ranar ya zauna da wani Bafillace, Buba, wanda shanunsa suka ƙare a hanya, bai taɓa riƙe kwasar noma ba. Shi ma an ci shi. Amma sai da inuwar tsamiya ta tashi daga kansu suka matsa, don Buba ko'ina ya sa ɗa sai ya bar masa wurin numfashi. Shi aka ba bakin rijiya. Na yi kwanaki ban gaida shi ba. Daga baya shi ya riƙa ba ni aron gugansa, muka zama abokai. Ka ga ke nan ba sai ka ci Nomau ba. Ba na jin akwai wanda ya taɓa cinsa, sai ni, kuma zan zo kan wannan.

Malam ya ce, "To ai da sauƙi, yaro ya bar shi ya ci cikin ladabi." Na ce Malam, shi ya sa kake rubutu ni nake faɗa. Wani dillalin fata daga Agye ya gwada haka a gabana. Ya sami gidan ci a fili, ya kauda ido ya tura wani ɗan, yana cewa, "Kai, Baba, wa zai iya da kai!" Nomau ya goge rairayin da hannu. "Ka ga gidan nan, ka yi kamar ba ka gani ba. Wanda ya yi mini ƙarya bisa rairayi shi yi mini bisa ruwa." Ya sa aka ba shi abinci, aka raka shi bakin hanya. Ko filin ƙaya bai samu ba. Don haka ka yi wasa da gaske. In ka ga ci, ka ci, ko da furfurarsa na dubanka.

Kuma in ka ci, ka san wanda za ka ɗauka. Nan ma na sha faɗuwa. Duk ranin nan, in na gama ban ruwa kafaɗa na zafi, sai in koma tsamiya mu sake. Wani lokaci nakan sami layi ɗaya in ci ɗa. Wane nake ɗauka? Wanda ke zaune a goshi mana, don shi ne ya ɓata mini rai. Nomau sai ya ce, "Madalla, ka huce?" Alhali can gefe yana da biyar da suka kusa zama doki. Ka san doki, inda ɗa guda ke zuwa ya dawo tsakanin layi biyu, kowane taku ci ne. In Nomau ya hau doki, sai dai ka tattara naka ka tafi salla. Kafin ka miƙa hannu ka ɗauki ɗa, ka bar wanda ya ba ka haushi, ka nemi wanda zai yi zuwa da dawowar nan. Shi ne abincinka.

To ga ranar akuya. Malam, gyara zama, wannan a rubuta shi daidai don bayana.

Wajen ƙarshen rani ne, da rana tsaka. Ni da guntayen karan dawa nake wasa, ina soka su a rairayi, shi da kashin raƙumi. Ina cikin gina ƙahonina, sai wata mata ta zo tana neman Nomau kan rigimar kwarin ruwa. Hankalina ya rabu, na sa 'ya'ya biyu can kusurwar hagunsa ba da niyya ba, na uku kuma ya faɗa kusa da su. Na ji haushin kaina, na ce na yi asarar uku. Muka ci gaba. Da na ajiye na ƙarshe, Nomau ya ɗaga nasa zai jefa a goshi kamar kullum, sai hannunsa ya tsaya a sama. Na bi idonsa. Ashe ukun nan da na yar a kusurwa suna da nasu gidan a buɗe, taku ɗaya ya rage. Ɗa guda a hannunsa, ƙofa biyu a buɗe, kuma nesa da juna. In ya rufe goshi in ci a kusurwa. In ya rufe kusurwa, sa ya yi karo.

Mutane suka matso. Buba ya ce, "Bawa, yau kam!" Nomau ya daɗe yana shafa gemu. Ni kuwa na miƙe tsaye don in kira masu garkar ƙaya su zo su shaida. Juyawar da zan yi, sai ga jar akuyar gidansa, wadda yunwa ta mai da ita kamar tsani, ta kutso ta tsakanin ƙafafun mutane ta dira kan dara. Karan dawa ta gani. Kafin a kama ta ta cinye ƙaho guda, ta kwashe kusurwa, ta tattake sauran.

Na ce, "Nomau, ka ga dai na ci!"

Ya duba ƙasa ya ce, "Wane wasa? Ni rairayi nika gani."

"Kowa ya gani!"

"Buba, ka ga wani abu?"

Buba, da ke shan ruwan rijiyar mutumin, ya ce shi akuya ya gani.

Har gobe ina cewa Nomau fito ya yi mata. Uwarka ta ce ba a kiran akuya da fito. Ita ba ta san Gobirawa ba. Darasin nan gajere ne: kada ka yi wasa da abin da dabba ke ci, kuma kada ka tashi daga kan dara kafin a gama. Na ba mai kawo maka takardar nan ɗan ƙunshi. Tsingaro ne goma sha biyu na tsohuwar tukunyar uwarka, na goge su a dutsen niƙa har suka yi sumul. Ta yi faɗa, wai na cinye mata dutse. Ka ƙirga su, in ɗaya ya ɓace ka duba hannun Rabi.

Tun daga ranar nake tauna wasan nan. Shekarun da aka samu damina, ina noma ina zuba shi a kaina. Na daɗe ina cewa Ƙahon Sa ne ya kama Nomau. Sai da farin nan ya dawo, aiki ya ƙare, na zauna ina ta danna gidaje a tsakar gida ni kaɗai, sannan na ga abin. Ukun da na yar a kusurwa ne suka kama shi. Daga nan na fitar da wani zubi, na sa masa suna Rijiya Biyu. Ban nuna wa kowa ba sai Malam Habu, shi ma don in gwada a kansa ne. Na ci shi har ya daina zuwa zaurensa. Ya ce a rubuta cewa shi dama bai iya ba. An rubuta.

Ga yadda yake. Zai ba ka farawa. Kada ka je tsakiya. Sa biyu a gefen damarka, ka bar musu gida a gaba, da na uku a kusa wanda zai shiga. Rijiya ɗaya ke nan. Kada ka gama ta a jere, sa ɗaya nan, ka tsallaka can kusurwar hagunsa ka sa ɗaya, ka dawo. Hagun nake cewa don idonsa na wannan gefen tun a wancan lokaci yana da hakiya, kuma yakan zauna a karkace. Malam ya ce wannan zalunci ne. Na ce shi da ya aiko mini akuya fa? Can za ka haƙa ta biyu. Kowace da gidanta, kowace da mai shigarta, kada su haɗa komai. Zai toshe, ai ba yaro ba ne. In ya rufe gaban ɗaya, ka duba bayanta. In ya rufe duka biyu, ka bar ta, kada ka ƙara mata ko ɗa guda don jin zafi, ka haƙa wata a wani gefen. Abin da kake nema shi ne, sa'ad da ɗan ƙarshe ya rage a hannunsa, ƙofa biyu na buɗe.

Amma kada ka ɗauka zai zauna yana kallonka. Da ya ga ka bar tsakiya zai shiga ya nemi doki a can, kuma nan ne haɗarin zubin nan yake. Maganinsa turke. Da ka ga ya sa biyu a tsakiya, ka bar duk abin da kake yi ka kafa ɗa guda a tsakaninsu da inda layi na biyu zai tashi. Wannan ɗan ba ya ci, ba ya motsi, ko me ya faru. Zai yi ƙoƙari ya cunkushe ka yadda ya yi mini, har ya zama turken ne kaɗai ke da wurin tafiya, ka cire shi da hannunka. Don haka kana buƙatar rago. Ka ware ɗa ɗaya a can gefe inda ba rigima, da gidan banza kusa da shi wanda ba ya amfanin kowa. In turi ya zo maka kuma duk wani motsi ɓarna ne, sai rago ya je, ya dawo, ya je, ya dawo, har shi Nomau ya rasa haƙuri ko ya rasa wurin takawa. Da can ina ganin irin wannan ɗan asara ne, kamar ƙanena Ilu da ke yini yana kai da kawowa tsakanin masallaci da rumfar mai shayi. Yanzu na gane ko Ilu na da ranarsa. Kada ka gaya masa na faɗa.

Wajen ɗa na tara ko na goma zai fara yi maka hira. In ya ji kai ɗana ne, zai tambayi lafiyar uwarka, zai tambayi ko har yanzu ina da taurin kai. Ka amsa da ladabi, idonka na ƙasa. A daidai nan ne yake sauya wurin gidajen banza.

Ban ce za ka ci shi ba. Tsoho ne mai wayo, wataƙila yana da amsar da ban gani ba. In ya rufe rijiyoyin duka, kana da turke, kana da rago, 'ya'yanka a warwatse kowa da wurin numfashi. Wasan zai yi tsawo, za a ci naka ka ci nasa. Abin da yake so ya gani ke nan, mutumin da ba ya zuba komai nasa wuri guda.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni zama tun da kuka tafi. Na san ka. Tun kana yaro kake tsaye bayana, kuma an gaya mini a dandali da Ƙahon Sa kake cin samari, har kana cewa zubin gidanku ne. Da na ji, ranar na ci tuwo da yawa. Na san in ka zauna gaban Nomau, ya gane kai ɗana ne, zuciyarka za ta ce ka rama wa tsohonka da zubinsa. Hannunka da kansa zai nufi layin tsakiya.

Kada ka buɗe da Ƙahon Sa.

Malam ya ɗaga kai ya ce in sake faɗa, wai kunnensa bai ji daidai ba, shekara da shekaru yana jin ina cewa zubin nan ba shi da magani. Na ce ya ji sarai. Ya ce sai na maimaita zai rubuta. To na maimaita, har uwarka ta leƙo daga tsakar gida ta ce a buga ganga. Su yi ta dariya. Ban ce zubin banza ba ne. Zubin shekarar ƙoshi ne, ran da in an ci ka sai ka karkaɗe riga ka tafi gida ka tarar da tuwo. Bana Rabi ce a kan rairayin nan, da ƙanenta, da irin da ke cikin matashi. Ni na ɗauki ruwa a kafaɗa rani guda saboda ƙahonin nan, na ishe mu. In Nomau ya ga zubinka ya ce, "Wanga ba hannun Bawa ba ne," ka ce masa e, naka ne. Ba ƙarya ka yi ba, na ba ka shi.

Amma zancen akuya, ko bakin rijiyar ya ba ka, kada ka yarda masa. Na ci wasan nan.

In Allah ya kawo ruwa kuka dawo da irinku a ɗinke, ka zo da tsingaron. Ban taɓa zama gabanka kan dara ba, mutane za su yi magana, su yi. Za mu share tsakar gida, ni da kai, ka zuba Rijiya Biyu, ni in zuba Ƙahon Sa, mu ga ƙarshen zancen. Akuyoyin gidan nan dama duk sun ƙare.

Allah ya tsare ku a hanya, ya tsare ku a masauki. Allah ya sanyaya zuciyar Nomau, ya sa idonsa na hagu ya yi barci. Allah ya ba ku bakin rijiya, ya sa albarka a abin da za ku shuka, ya raya yaran. Allah ya jiƙa ƙasar nan tamu, ya mai da kowa gidansa. Uwarka na gaishe ku, ta ce a riƙa rufe wa na goye kai in rana ta yi. Malam Habu na gaisuwa, ya ce hannunsa ya mutu.

Ni ne mahaifinka,
Bawa na Gangara.